Manomin Da Masu Dubiya Suka Sake Kayarwa

Akwai wani mutum manomi a wani ƙauye, shi da matarsa. 'Yarsu ɗaya ce, Keziya, ta yi aure a wani gari mai nisa, don haka kowa Baban Keziya yake ce masa. Mutum ne na mutane. Ba a yin suna ko jana'iza ko dubiyar mara lafiya a ƙauyen nan a rasa ƙafarsa. Ko akuyarka ce ta kwana tana tari, da sassafe za ka ji muryarsa a ƙofar gida ya zo yi maka sannu. Ga shi kuma Allah ya ba shi baki. In ya zauna a gindin ɗorawa ya fara zuba labari, mai tafiya kasuwa ma sai ya sauke kaya ya tsaya ya ji ƙarshe.

Ana nan, wata rana da bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya jingina tsani ya hau rumbu don ya fito da irin shuka. Ashe gara ta cinye tsanin ta ciki. Yana kaiwa sama, ji kake ƙaras, tsani ya karye. Mutumin ya faɗo da baya, kansa ya sami ɗaya daga cikin duwatsun da rumbu ke zaune a kai. Ya ɗan jima a ƙasa, sa'an nan ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Matarsa ta fito da gudu da muciya a hannu. Ya ce mata, "Koma ki ci gaba da tuƙinki. Ni ƙalau nake, dutsen za ki yi wa sannu." Jinin da ya fita bai cika cokali ba. Ya ci tuwonsa, har ya nemi ƙari.

Amma kafin rana ta yi sanyi, kai ya fara sara masa. Ya yi amai, ya sake yi. Barci ya riƙa fizgarsa yana zaune, in ya yi magana kuma sai ta fito a harɗe kamar ta mashayi. Matar ba ta tsaya jiƙa saiwa ba, ba ta ce a bari gari ya waye a gani ba. Ta kira maƙwabta, aka nemo mota, aka kai shi asibitin birni. Can likitoci suka duba, suka ce jini ne ya taru a cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa, da an ƙara jinkiri da sai dai a haƙa kabari. Suka buɗe ƙashin, suka kwashe jinin, suka mayar suka ɗinke. Da ya farka, ga kansa a aske, da ɗinki daga goshi har bayan kunne, kamar fasasshiyar ƙwaryar da ta fito daga hannun gyartai.

Ranar da za a sallame shi, likita ya kira matar gefe, ya ce mata, "Mama, fatar nan za ta warke da wuri, gashi ma zai rufe tabon. Kada wannan ya ruɗe ki. Abin da ke ciki shi ne mai ɗaukar lokaci, aikin watanni ne, wani ma har shekara. Ruwan rafi na damina, in kin ɗebo shi jawur, yaya kike yi da shi?"

Ta ce, "Ajiye tulun nake yi, in bar shi ya kwanta."

Ya ce, "To, haka kan mijinki yake. In kowane mai wucewa ya girgiza tulun don ya ga ko ya kwanta, ba ranar kwanciyarsa. Ki sa shi a ɗaki mai duhu-duhu, ban da hayaniya. Ya yi barci iya son ransa. Maganin nan ya sha a kan lokaci, gama masu irin wannan rauni wani lokaci sukan yi farfaɗiya. Magana za ta riƙa ɓace masa, ransa kuma zai riƙa ɓaci ba dalili. Ciwon ne, ba halinsa ba ne. Kada a tsare shi da tambayoyi. Masu gaisuwa ɗaya ko biyu sun isa, su ma kada su daɗe. In kin ga ya faɗi yana karkarwa, ki juya shi ta gefe, ki tare kansa, kada a sa masa komai a baki, ku dawo mana da shi."

Matar kuwa ta riƙe maganar nan duka a zuciyarta.

To, ba su gama sauka daga mota ba labari ya gama gari. Mutumin da ya gaida kowa, ai dole kowa ya rama. Suka zo. Maza suka zo, mata suka zo da goyo, tsofaffi da sanduna, har waɗanda rabonsu da gidan tun ranar auren Keziya. Ɗaki ya cika, tsakar gida ta cika, takalma a bakin ƙofa kamar an buɗe kasuwarsu. Wanda ya fara shiga ya ce, "Kai, wannan duhu fa? Ai ba ma ganinsa." Ya naɗe asabari, rana ta faɗo wa mai jinya a ido. Ya runtse, ya juya fuska bango. Aka ce, "A'a, juyo mana mu gan ka."

Kowa kuwa da tambayarsa ɗaya, kamar sun haɗa baki a hanya. Sai mutum ya durƙuso, ya kawo fuskarsa dab da ta mara lafiya har suna shaƙar numfashin juna, ya ɗaga murya kamar da kurma yake magana: "Baban Keziya! Ka gane ni? Wane ne ni? Faɗi sunana!" Bawan Allah ya dubi fuskar. Ya san ta sarai, ya san gidan mai ita da gonarsa, amma sunan ya maƙale can wani wuri ya ƙi fitowa. Ya yi ta lalube, gumi na keto masa. In ya samo, ɗaki ya ɗauki sowa, mai sunan ya fita yana washe baki: "Ni kam ya gane ni!" In bai samo ba, mai sunan ya fita yana girgiza kai, ya tsaya a bakin ƙofa inda mara lafiya ke jinsa, ya ce, "Kayya, wannan sai addu'a. Ni da muka yi kiwo tare!" Wani mai himma ma ya ce a yi addu'ar yanzu, ya dafa kan daidai wurin ɗinkin, yana roƙo yana jijjiga shi kamar mai kaɗa nono.

Akwai taubashinsa, wato ɗan gwaggonsa, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa sai sun yi wa juna tsiya, al'ada kuwa ta hana ɗayansu yin fushi. Shi ma ya shigo ya tsaya a kansa, ya ce, "Bawana, sannu! An ce likita ya buɗe kan nan ya leƙa, ya ga wayam, ya ce a yi maza a mayar da murfi kada ɓera ya shiga." Ɗaki ya fashe da dariya. A da, kafin ya rufe baki an mayar masa da wadda ta fi wannan zafi. Yau kuwa mutumin ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Dariyar tana sauka a kansa kamar ana daka a turmi. Sai ya ɗauki ƙwaryar kunu da ke gefensa ya yi jifa da ita, ya fashe da kuka kamar yaro. Masu dubiya suka miƙe. Suka fita ɗaya bayan ɗaya suna cewa, "Fushi da taubashi? Lalle mutumin nan ya taɓu."

Ranar nan bai iya cin komai ba, kai kamar zai tsage. Kashegari matar ta saki asabari, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin, ta zauna ta miƙe ƙafafu ta tare hanya, ta ɗauko gyaɗa tana ɓara. Duk wanda ya zo sai ta tarbe shi da fara'a, ta ba shi ruwa, ta ce, "Sannu da zuwa, an gode. Yana barci. In ya tashi zan gaya masa."

Wata tsohuwa ta ce, "Ke 'yar nan, leƙawa kawai zan yi."

Ta ce, "Iya, jiya ma duk leƙawa aka yi."

Wani dattijo ya ce, "Daga ƙetaren rafi fa na taso, rana tana dukana."

Ta ce, "Allah ya ba da lada, Kawu."

Ya ce, "Wane lada, ban ga idonsa ba? Yaya za a yi ya san na zo?"

Kun ji fa. Bai ce yaya jikinsa ba. Cewa ya yi yaya za a yi ya san na zo.

Sai ga shi sauƙi ya fara shigowa. Mutumin ya yi ta barci, ya tashi ya ci, ya koma. Ciwon kai ya ragu. Da sanyin safiya matar takan riƙe hannunsa su taka zuwa bakin danga su dawo, daga baya har bakin rijiya. Ta zuba masa gyaɗa a faifai yana ɓara da hannun da ya yi nauyi, rabi a faifai rabi a ƙasa, kaji suna godiya. In kalma ta ɓace masa ba ta cewa faɗi mana. Sai ta ci gaba da aikinta har ya samo da kansa, ko ta ɗan ɗora masa farkonta. Wata safiya yana zaune ya dubi sama, ya ce a hankali, amma tiryan-tiryan, "Maman Keziya, hadarin nan na ruwa ne. An fito da irin kuwa?" Matar ta shiga madafa ta yi kukanta a can, ta share ido ta fito.

Amma a waje bakuna ba su kwanta ba. A rijiya ana cewa ta ɓoye shi ne don ya haukace, har ɗaure shi take yi. A kasuwa ana cewa girman kai ne, tun da ta je ta ga birni. Maganar ta kai kunnen wansa, wanda shi ne babba a gidansu, mutumin da ya fi tsoron "an ce" fiye da kububuwa. Ya taho da sandarsa. Shi kam ba ta da ikon tare masa ƙofa. Ya shiga ya dudduba ƙanensa, ya shafa kan, ya fito fuska a sake.

Ya ce, "Maman Keziya, ai mutumin nan ya warke. Tabo ya bushe, gashi ya fito, ya gaishe ni da sunana. Me kike ɓoyewa? Kin san abin da ake faɗa a kanmu a gari? Ran Asabar zan yanka bunsuru, in kira makaɗa, mu yi bikin godiya ga Allah. A fito da shi kowa ya gan shi, bakin kowa ya mutu."

Ta durƙusa ta ce, "Yaya, godiya kam kullum muna yi. Amma likita ya ce ban da hayaniya. A bari sai kaka mana."

Ya ce, "Likita ne ya raya shi ko Allah? Ke za ki hana a gode wa Allah?"

Mai jinya da kansa ya yi magana daga cikin ɗaki, ya ce, "Yaya... kaina... ganga... ba yanzu ba."

Wan ya yi dariya ya ce, "Ka ji raggo! Kai da ganga ba ta tashi a garin nan sai kana gaba? Zama kawai za ka yi a kujera, mu za mu yi rawar." Ya juya ya tafi neman bunsuru.

Da ranar ta zo, aka sa masa babbar riga, aka danna masa hula a kan ɗinkin, aka ɗora shi a kujera a tsakiyar fili inda inuwa ba ta kai ba, don kowa ya gani. Makaɗa suka tsaya a bayan kujerar, don ai shi ake yi wa. Mata suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya suna rangaɗa masa guɗa a cikin kunne. Lokacin shan magani ya yi, matar ta taho da ƙwayar da ruwa, aka ture ta baya: "Ke, bari a gama, yau ranar farin ciki ce." Sa'an nan jama'a suka yi layi, kowa da tambayar nan da aka daɗe da hana shi yi. "Ka gane ni?" Ya faɗi sunan na farko, aka yi sowa, ganga ta amsa. Ya faɗi na biyu. Abin ya zama wasa, har ana tura masa baƙi daga wasu garuruwa don a ga ko zai ruɗe. Wan yana tsaye yana cewa, "Kun gani? Ina masu cewa ya haukace?" Mutumin ya riƙe kansa da hannu biyu. Ya nemi matarsa da ido a cikin taro. Ya buɗe baki zai kira ta.

Sai ya yi wata ƙara, ya sandare, ya faɗo daga kujera, gefen ɗinkin ya bugi ƙasa. Jiki na karkarwa, kumfa na fita a baki.

Wani ya yi ihu, "Farfaɗiya ce! Kada yawunsa ya taɓa ku!" Jama'a, in kun ga gudu! Masu layi suka watse kamar shaho ya faɗo cikin 'yan tsaki. Mai guɗa ta bar ɗankwalinta. Makaɗi ya tsallake danga da ganga a wuya. Kawun nan da ya ƙetare rafi don ya ga idonsa, ga ido a fili, amma shi ya riga ya kai rafin. Wan ya ja da baya yana ta kiran a kawo cokali a tura masa a baki, a kawo albasa, a kawo ruwa a kwara masa, amma shi kansa bai matso ba. Matar ce kaɗai ta kutsa. Ta kwance mayafinta ta tura ƙarƙashin kansa, ta juya shi ta gefe, ta ce wa wanda aka aiko da cokali, "Ka taɓa bakinsa ka gani." Ta share kumfan da hannunta, ta zauna a wurin har abin ya lafa. Mutum ɗaya ne ya dawo daga gudun, shi ne taubashin. Ya matso, ya ce, "Me zan yi?" Ta ce, "Nemo mota." Ya tafi.

Aka koma asibiti. Rai dai ya tsaya. Amma da suka dawo gida, maganar da aka yi ta tarawa ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar gero a cikin yashi, ta zube. Hannun da ya fara riƙe gyaɗa ya koma nauyi. Sunan matarsa ma ya ɓace masa.

Shirun da matar ta yi ta roƙo kuwa, ta same shi har ya yi yawa. Ba wanda ya ƙara taka gidan. Mata suka daina aron turminta. In ta miƙa hannu ga guga a rijiya, sai a ce ta bari a zuba mata. Ruwa ya sauka, kowa ya shuka, kowa ya yi nomansa. Taubashin ne kaɗai yakan bi ta gonar Baban Keziya da fartanya in ya gama tasa, ya yi abin da ya iya, sa'an nan ya zo ya zauna a bakin ƙofa ya yi shiru, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

Daga baya wan ya zo. Ya tsaya daga zaure, bai shiga ba. Aka kawo masa ruwa, ya dubi ƙwaryar ya ce ba ya jin ƙishi. Ya ce, "Maman Keziya, sai haƙuri. Haka Allah ya so."

Ta durƙusa kamar yadda ta saba, ta ce, "Yaya, faɗuwar farko gara ce ta ci tsani, na yi haƙuri. Ta biyun kuwa ina tsaye aka yi ta. Na ga hannun kowa, ban ga na Allah a ciki ba."

Ta tashi ta koma wurin mijinta, ta ci gaba da koya masa sunanta.

To, 'yan'uwa, misalin ke nan, ga kuma ma'anarsa, ko da yake na san waɗansu sun riga sun gane, don sun fara duban takalmansu.

Manomin nan shi ne duk wanda ya bugu a ka, ko daga babur ya faɗo, ko daga kan gini, ko daga bishiyar mangwaro. Ciwonsa a ɓoye yake. Mai karaya kowa na ganin karan ɗori, ba mai ce masa tashi ka yi rawa. Mai raunin ƙwaƙwalwa kuwa, da gashi ya rufe tabo sai mu ce ya warke. In ya manta sunanmu mu ce raini ne. In ya gaji da wuri mu ce lalaci ne. In ya yi fushi mu ce ya ja da baya a bangaskiya, in ya faɗi mu ce aljanu. Mu ne likita mu ne alƙali, alhali ko ciwon ciki ba mu san maganinsa ba. Abu ɗaya kuma ku ɗauka tun daga farkon labarin: in mutum ya buga kai ya tashi ya ce ƙalau yake, ku sa masa ido. Da kun ga amai, ko yawan barci, ko magana ta harɗe, asibiti za a nufa, ba sai gobe ba. Ku kuma samarin da kuke rataye hular kwano a hannun babur, ban san wa ya gaya muku babur ne mai ƙwaƙwalwa ba.

Masu dubiyar nan, kada ku waiwaya neman su a bencin baya. Mu ne. An umarce mu mu gaida marasa lafiya, ban musa ba. Amma don wa muke zuwa? Mai cewa "ka gane ni" kansa ya zo dubawa. So yake a san ya zo, don ran da tasa ta same shi a zo masa. Wannan ba ƙauna ba ce, adashi ne. Shi ya sa ranar da ƙaunar ta yi tsada, ranar da za a durƙusa a taɓa kumfa, ba a ga kowa ba. Bari kuma in faɗa da babbar murya: farfaɗiya ba a ɗaukarta. Ba ta bin yawu, ba ta bin ƙwarya, ba ta bin guga. Wanda ya gudu ya gudu a banza, ya kuma yar da takalminsa a banza.

Wan nan shi ne ya fi ba ni haushi, shi ne kuma ya fi yawa a cikinmu. Ku dubi wayonsa. Kunyar bakin mutane ce ta dame shi, amma sai ya tura sunan Allah gaba ya ɓuya a baya, don ya san ba mai gardama da godiya. Haka muke yi. Mutum bai gama sauko da ƙafa daga gadon asibiti ba mun sa ranar shaida, mun ɗinka anko, mun kunna lasifika, don a ce addu'armu ta ci. Allah da ya yi ƙwaƙwalwa ya san a hankali take warkewa, kamar yadda bai sa dawa ta nuna ran da aka shuka ta ba. Shi ba ya gaggawa. Godiyar da aka yi da kaka ba ta yi masa latti ba. Shi da ya ba likita sani, ba ya jin an raina shi don an bi maganar likita. Mu ne masu gaggawar, in abin ya ɓaci kuma mu kakkaɓe hannu mu ce haka Allah ya so. Ku ji tsoron wannan magana. Kada ka ture mutum da hannunka, ka ce Allah ne ya kayar da shi.

Taubashin kuwa, ba zan zage shi da yawa ba. Wasa abu ne mai kyau, gidan da ba a dariya ba gida ba ne. Amma wasa na mutum biyu ne. In ɗaya ba ya iya ramawa, ya tashi daga wasa ya zama duka. Shi dai ya gane, ya dawo, ya rufe baki ya ɗauki fartanya. Irin tubar da Ubangiji yake so ke nan.

Matar nan ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Yarda ta yi a zage ta don mijinta ya sami barci. In kun tarar da irinta a bakin ƙofa ta ce yana barci, kada ku kumbura. Ku tambaye ta, akwai ruwa a randa? Akwai itace? Wa zai raka ku asibiti ranar komawa? Ke kin ci abinci kuwa? Ku yi abin da ya samu, ku kama hanya. Ubangiji ya ga zuwanku, ko mai jinya bai gani ba.

Ban faɗi wannan don nishaɗi ba. Duk kun ji sanarwa cewa an sallamo ɗan'uwanmu Barnaba daga asibiti, bayan haɗarin babur ɗin da ya fasa masa kai, kuma wai da an tashi sujada zumuntar mata da mawaƙa da matasa za a ɗunguma gidansa da kayan kiɗa a yi masa barka. Matarsa Damaris kunya ba za ta bar ta ta hana ku ba. To, ni na hana a madadinta. Dattawa su zaɓi mutum biyu masu ƙaramar murya, in akwai su a ikilisiyar nan, su je su yi addu'a a hankali su fito. Sauranmu, masararsa tana can ciyawa ta shaƙe ta, gobe da safe kowa ya fito da fartanya. Ganguna da tulunan kiɗa kuwa, kada kowa ya wahalar da kansa da nema. Suna nan lafiya a inda aka ajiye su, za su fito ran da Barnaba ya nema da bakinsa.

Ubangiji ya ba shi lafiya, mu kuma ya ba mu hankali. Amin.